Injin Ɗaure Sukuru da Ya Ƙi Riƙe Biti: Yadda Aikin Benci 40 Ya Tsaya a Wani Ƙauyen Taura

Asalin lamarin

Ni ne sakataren kwamitin wata makarantar Islamiyya a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa, kuma littafin shige da ficen kuɗin makarantar a hannuna yake. Ranaku da lissafin da ke cikin wannan bayani daga littafin na kwaso su.

Yawancin ɗalibanmu a kan tabarma suke zama. 'Yan bencinan da aka taɓa yi mana da ƙusa aka haɗa su, hunturu biyu kawai suka sha. Katakon ya bushe ya tsuke, ƙusoshi suka saki, wasu suka ɗago kai suna yagar hijaban yara. Da kuɗin gudummawa ya taru, sai kwamiti ya yanke shawarar a yi benci 40, irin mai haɗe da teburinsa, kowanne na yara uku, bisa sharaɗin sukuru za a ɗaura maimakon ƙusa. Sukuru yana da zare mai cizon katako, ko ya yi sako-sako ƙara matse shi kawai za a yi.

Kafintan da aka ba aikin ɗan garin ne, ya doshi shekara 50, ya fi rabin rayuwarsa yana sana'ar. Rufin kwano, ƙofa, gado, duk shi ke yi mana. A wata rumfa ƙarƙashin darbejiya yake aiki da yaransa biyu, kuma kayan aikinsa duk na hannu ne, don wutar garin ba abin dogaro ba ce. Ranar Litinin 7 ga Afrilu, mako guda bayan ƙaramar Sallah, aka ba shi kafin alƙalami, aka sa wa'adi 15 ga Mayu, don a kwashe katako daga fili kafin ruwa ya sauka.

Kowane benci sukuru 26 yake ci, jimla 1,040 ke nan. Bencin farko da sukundireban hannu aka ɗaure shi. Ɗaurin kaɗai ya ci kusan awa guda, tafin hannun babban yaron ya yi bororo.

10 ga Afrilu: inji ya iso

Kafintan yana da ƙane mai aiki a Kano. Da ya ji halin da ake ciki, sai ya sayo masa ƙaramin injin huda da ɗauri mai batir, wanda wani ya taɓa amfani da shi, mai bolt 12, da batir biyu da cajarsa, ya ba direban mota ya kawo. Babu takardar bayani a kwalin. Ya haɗo da wani ɗan akwatin roba da ya saya daban, cike da gajerun kawunan sukundireba, waɗanda masu sana'ar ke kira biti: akwai sita mai bakin gicciye, akwai filat, akwai wasu masu siffar tauraro, kowanne tsawonsa milimita 25.

Bakin injin ba irin wanda aka saba gani ba ne. Wanda yawancin mutane suka sani yana da haƙora uku, a murɗa ya buɗe, a murɗa ya damƙe duk abin da aka saka masa, zagayayye ne ko mai kusurwa, har kaurin milimita 10 ko 13. Wannan kuwa rami ne kawai mai kusurwa shida, da wani zoben ƙarfe a wuyansa wanda ake ja gaba, a tura biti, a saki. An yi shi ne don sauya biti cikin ƙiftawar ido. Faɗin ramin kwata ɗin inci ne, wato milimita 6.35, kuma gindin gajerun bitin nan ma haka yake. Da aka gwada suka shige ba gardama. Ranar kowa ya kwana da murna.

12 zuwa 14 ga Afrilu: biti ya ƙi zama

Da safiyar Asabar aka fara aiki da shi. Sukurun farko ya shige cikin 'yan daƙiƙu. Da kafintan ya ɗago injin, sai bitin ya zauna abinsa a kan sukurun. Ya cire da yatsa ya mayar. Na biyu ma haka. A na huɗu da ya karkata injin ƙasa, bitin ya sulale ya faɗa cikin yashi da dusar katako.

Akwai abu biyu da aka gani tun ranar amma ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Zoben wuyan ba ya komawa mazauninsa sosai idan an saki, sai ya tsaya a hanya. Sannan kusan rabin bitin ya nutse cikin ramin, abin da ya rage a waje kaɗan ne, har hancin injin yana gogar katako yana kare wa mai aiki ganin kan sukurun. A lungun da ƙafar benci ta haɗu da sandar ƙasa ma injin ba ya kaiwa sam.

Cikin kwana uku biti huɗu suka ɓata. Ƙaramin yaron ya samo mayen ƙarfe daga wata tsohuwar sifika, ya ɗaura masa igiya, ya riƙa jan sa cikin yashi kamar mai share fage. Ya gano uku. Rabin yininsa a nan yake tafiya.

15 zuwa 19 ga Afrilu: dabarun gida

Kafintan ya ɗauka ramin ne ya yi wa bitin yawa saboda injin ya sha aiki a hannun wani. Don haka duk dabarun wannan makon na cike giɓi ne.

Ya fara naɗa 'yar leda a gindin bitin kafin ya tura. Takan riƙe na sukuru biyar ko shida, sai ta daddage, gutsattsarinta su cushe a ƙasan ramin, a koma sakace su da waya. Aka koma baƙin tef na masu gyaran wuta, aka naɗe bitin da hancin injin ta waje. Zafin Afrilu a wajenmu yana haura digiri 40 da rana, ga zafin juyawa, sai gam ɗin tef ɗin ya narke ya zama danƙo.

Ranar Alhamis ya ɗiga sufa gulu a ramin ya danna bitin. Wannan ya riƙe, an yi benci biyu a ranar. Washegari bakin bitin ya cinye, aka zo cirewa ya ƙi fita. Sai da aka kama shi da filaya, mutum ɗaya ya riƙe injin ɗaya yana ja yana girgizawa. Daga ranar zoben wuyan ya yi tauri, sai an sa ƙarfi yake motsi.

Dabara ta ƙarshe wajen mai walda aka je. Aka yanko guntun makullin nan mai kusurwa shida da bakanike ke kwance noti da shi, aka liƙa masa gajeren biti a kai don ya yi tsawo. Tsawo ya samu, amma liƙin bai zo a miƙe ba, idan injin na juyawa bakin sai ya riƙa kaɗawa yana zana da'ira. Ga shi wutar walda ta kashe taurin ƙarfen. Bai ɗaure sukuru 20 ba haƙoransa suka lanƙwashe. Kuma shi ma bai kulle a bakin injin ba.

20 zuwa 22 ga Afrilu: bitin kasuwar Gujungu

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, kafintan ya tarar da wani mai kasa kayan ƙarfe yana da dogon biti mai baki biyu, sita gaba da baya, tsawonsa milimita 65. Wannan yana da ƙugu, wato wani gurbi da aka zagaye jikinsa da shi kusa da kowane baki. Bai tafi da injin ba, don haka da ido ya saya, guda uku.

A gida ya tura ɗaya har ƙasan ramin ya saki zoben. Zoben bai koma ba. Ya ja bitin da yatsa biyu, ya fito salin alin. Tsawon ya taimaka, yanzu yana ganin kan sukuru kuma yana kaiwa lungu, amma har yanzu sai ya tallafe bitin da hannun hagu duk lokacin da zai ɗago.

A nan ya yanke hukuncin cewa injin ne ya lalace. Ina zaune a rumfar ya kira ƙanensa. Ina jin muryar yaron ta waya yana cewa, "Yaya, wallahi a gabana aka gwada shi, ya riƙe gam." Kafintan ya ce, "To da me aka gwada?" Ya ce, "Da na mai shagon." Aka yi sallama ba daɗi. Ya mayar da injin kwalinsa, ya tura ƙarƙashin tebur, aka koma sukundireban hannu.

Zuwa yammacin Talata 22 ga wata benci 9 aka gama. Saura 31, kwana 23 suka rage. Wasu 'yan kwamiti suka fara cewa a bar shi ya buga ƙusa kawai a huta.

23 ga Afrilu: an buɗe bakin injin

Akwai wani saurayi a garin mai gyaran janareta da injin ban ruwa na masu noman rani. Ya zo karɓar wata kujera, ya ga kwalin, ya tambaya. Da aka ba shi labari ya ce, "Baba, a ba ni faranti fari da ɗan fetur."

Farantin don kada wani abu ya faɗa yashi ne. Ya ɓanɓaro wani siririn zoben waya daga hancin injin da bakin allura, ya zaro wosha, ya zaro sifirin, sannan ya zare babban zoben a hankali yana tare da tafin hannu. Wata 'yar ƙwallon ƙarfe, irin ta cikin boris, wadda ba ta wuce ƙwayar dawa ba, ta gangaro cikin farantin. Jikinta duk busasshen gam ne da dusar katako. Ya wanke komai, ya kankare gam ɗin, ya shafa ɗan man giris, ya mayar.

Kafin ya rufe sai ya nuna mana yadda abin yake. A gefen ramin akwai 'yar ƙofa da ƙwallon ke leƙowa ciki. Idan zoben yana mazauninsa, yana danne ta ta baya, ba ta da hanyar ja da baya. Idan aka ja zoben gaba, sai ta samu sarari ta koma, biti ya wuce. Matsin rami ba shi ke riƙe biti ba, ƙwallon nan ce ke faɗawa cikin ƙugun bitin ta tare shi. In babu ƙugu a daidai inda take, sai ta hau kan jikin bitin ta tsaya, zoben kuma ya kasa komawa. Abin da muke gani ke nan tun ranar farko.

Ya karyo tsinken tsintsiya ya zura har ƙasan ramin, ya yi alama a inda ƙwallon take, ya ɗora a kan rular ɗalibai. Ya kama tsakanin milimita 9 da 10. Ya auna bitin Gujungu daga ƙarshensa zuwa ƙugu, ya kama wajen 13. Ƙugun yana nan, amma ramin yana ƙarewa kafin ya iso wurin ƙwallon. Gajerun bitin akwati kuwa ba su da ƙugu, sai wata siririyar tsaga a kan kusurwoyinsu wadda ko farce da ƙyar yake shiga.

Daren ranar na zauna da waya na bi diddigin abin, na tarar duk a rubuce yake a ƙa'idar masana'antu. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1173 ta raba gindin biti mai kusurwa shida gida-gida. Biyu ne suka shafe mu. Akwai C 6.3, shi ne gajeren nan mai siririyar tsaga, wanda aka yi don a saka shi cikin wani mariƙi, ba kai tsaye a bakin inji ba. Akwai E 6.3, mai ƙugu, wanda aka yi don irin wannan baki mai ƙwallo, kuma ƙugunsa yana kimanin milimita 9.5 daga gindi. Japan kuma tana da nata awon na milimita 13, wanda injinan da ake yi don kasuwarsu ke bi, kuma biti mai baki biyu da yawa a wannan awon suke zuwa. Kaurin duka ukun ɗaya ne, shi ya sa kowanne ke shiga ramin.

Mai gyaran bai san waɗannan lambobi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, injinka lafiyarsa ƙalau. Ka kai shi Kano da kansa, kada ka sayi komai sai ka ji ya ce ƙas."

26 ga Afrilu: Sabon Gari

Kwamiti ya biya kuɗin mota, ni da kafintan muka tafi ranar Asabar. Muka bi ta Ringim da Gezawa muka sauka 'Yankaba, muka wuce kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan aikin hannu. Shago biyu na farko irin akwatin da muke da shi suka miƙo mana. A na uku mai shagon ya karɓi injin, ya ja zoben sau biyu, ya leƙa ramin, ya ce, "Malam, holda kuke nema."

Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai tsawon milimita 60. Gindinsa mai kusurwa shida ne da ƙugu, gabansa kuma ɗan bututu ne mai rami irin na injin, da mayen ƙarfe a ciki. Ya tura shi a bakin injin ya saki zoben, muka ji ƙas. Ya miƙa wa kafintan ya ce ya ja. Ya ja da yatsa, ya ja da dukan hannu, ya naɗe da gefen rigarsa ya sake ja. Bai fito ba. Sannan mai shagon ya ɗauki ɗaya daga cikin gajerun bitinmu ya kusanto da shi bakin mariƙin, mayen ƙarfen ya fizge shi ciki. Ya kifa injin ƙasa ya girgiza. Kafintan ya daɗe yana kallon abin kafin ya ce, "Ikon Allah."

Mai shagon ya nuna mana iri biyu. Ɗaya mayen ƙarfe ne kaɗai ke riƙe bitin. Ɗayan yana da ƙarin siririn zoben waya a cikin bakinsa, wanda ke faɗawa cikin tsagar nan ta kusurwoyi. Ashe aikin tsagar ke nan. Muka sayi kowanne guda ɗaya. Muka ƙara da biti biyar masu ƙugu, tsawon milimita 50, masu shiga bakin injin kai tsaye, da abin huda katako guda uku na milimita 3 masu gindi irin na bitin, tunda zagayayyen abin huda ba ya zama a wannan baki. Kowanne sai da aka saka shi a injin aka ji ƙarar kullewarsa. Kuɗin kayan gaba ɗaya bai kai kuɗin motarmu mu biyu zuwa da dawowa ba.

28 zuwa 30 ga Afrilu: sauran rina a kaba

Biti ya daina faɗuwa, amma wata matsala da ta farkon ta rufe sai ta fito fili. Idan sukuru ya kusa nutsewa, ya fara tauri, sai bitin ya yi tsalle daga cikin kan, ya riƙa karr yana cin gefen gicciyen. Ranar Litinin kaɗai sukuru 14 suka lalace a haka, ba su shiga ba, ba su fita ba, sai da filaya. Kafintan ya riƙa dannawa da dukan nauyinsa, kafaɗarsa ta riƙe.

Babban yaron, wanda ya yi ƙaramar sakandare, shi ya lura da rubutun da aka buga a jikin bitin. Sababbin masu ƙugu duk PH2 ne. A cikin akwatin kuma akwai guda biyu masu PZ2, waɗanda ido zai ce sita ne kamar sauran, amma in an duba da kyau suna da ƙananan haƙora huɗu a tsakanin manyan. Ya ɗauki sukuru ɗaya ya kai hasken rana. Sukurun namu irin ruwan ɗorawan nan ne, milimita 4 a kauri, 50 a tsawo, kuma a kansa, tsakanin hannuwan gicciyen, akwai siraran layuka huɗu kamar an ja da reza. Ya ce, "Maigida, wannan da wannan ne 'yan gida ɗaya." Ya ɗora PZ2 a kan sukurun, ya zauna daram babu girgiza. Ya ɗora PH2, yana ɗan rawa.

PH shi ne Phillips, wanda ya yaɗu daga Amurka tun shekarun 1930. Gefen haƙoransa a karkace yake, don haka idan juyi ya yi tauri yakan tura kansa waje. PZ shi ne Pozidriv, wanda ya zo a shekarun 1960, gefen haƙoransa a miƙe, yana zama cikin kan sukurun. Mu duk sita muke ce musu. Yawancin ruwan ɗorawan sukurun katako PZ ne, baƙaƙen nan na silin kuma PH ne. Biti biyar da muka sayo masu ƙugu ba su da amfani a wannan aikin. Waɗanda suka yi amfani su ne gajeru biyun da ke kwance a akwatin tun ranar 10 ga wata.

Aka ƙara gyara abu biyu. Aka riƙa fara huda wurin sukuru da abin hudan milimita 3, musamman kusa da bakin katako inda yakan tsage. Sannan akwai wani zobe mai lambobi a bayan bakin injin wanda tun zuwansa yake kan lamba mafi girma. Kuloci ne, shi ke sakin juyi idan ƙarfin ya kai inda aka saita. Kafintan ya gwada a guntun katako, yana ragewa yana ƙarawa, har ya samu lambar da kan sukuru ke shafewa daidai da fuskar katako injin ya saki. Ya sa alama da fenti. Ya kuma mayar da injin ƙaramar giya wajen ɗauri.

1 zuwa 10 ga Mayu: kammalawa

Ranar da muka je Kano benci 11 ne a ƙasa. Daga nan tsarin aikin ya canja. Yaran suna haɗa benci su riƙe, kafintan ya huda ramuka 26 a jere, ya ja zobe ya zare abin huda, ya tura mariƙi, ya bi su da sukuru. Ɗaurin benci guda ya sauko daga kusan awa zuwa minti 12 ko 15. Yanzu zarto da gogewa ne ke jan lokaci.

Mariƙi mai zoben waya shi ya zama na kullum. Mai mayen ƙarfe kaɗai yakan bar bitin a kan sukuru jefi-jefi idan ya kama sosai. Duka biyun suna tara ɓurɓushin ƙarfe a ƙasan raminsu, wanda ke hana bitin zama har ƙasa, don haka kowace safiya ƙaramin yaron yana sakace su da tsinke da tsumma. Batir ɗaya yana aiki, ɗaya yana shagon mai cajin waya da sola, kuma ba a barin su a rana. Da gajerun PZ2 biyun suka fara cinyewa, aka aika direba ya sayo goma, aka rubuta masa haruffan a takarda. Huɗu aka cinye har ƙarshen aikin.

Ranar Asabar 10 ga Mayu aka ɗora benci na 40 a amalanken shanu, kwana biyar kafin wa'adi.

A watan Nuwamba, bayan damina ta wuce iska ta fara bushewa, kafintan ya zo makarantar da injin ya bi bencinan ɗaya bayan ɗaya. Sukuru 31 ya ƙara matsewa, bai cika awa ba. Babu bencin da aka fitar daga aji.

Yadda nake ganin lamarin

Injin ba shi da laifi, gajerun bitin ma ba jabu ba ne. An haɗa abu biyu ne da aka yi su don a sa na uku a tsakaninsu, kuma ba wanda ya faɗa wa mai saye. Abin da ya ɓatar da kafintan shi ne shigar da bitin ya yi daidai. Da ya ƙi shiga, da tun ranar farko an san akwai abin da ya ɓace. Tunda ya shiga, sai hankali ya tafi ga cike giɓin da babu shi, aka yi kwana 16 a kai.

Ban ga laifinsa a ledar da tef ba, abin da mai sana'a zai fara gwadawa ke nan idan shagon kayan aiki mafi kusa yana nesa da shi. Gam ɗin ne kuskuren da ya kusa kashe injin, don ya shiga daidai wurin ƙwallon. Zuwa Gujungu ba tare da injin ba shi ma asara ce da za a iya kaucewa, haka biti biyar da muka saya a Kano ba mu riƙe sukuru ko ɗaya a aljihu ba. Wannan na ƙarshen da ni aka yi shi. Kuma ina ganin kwamiti, har da ni, mun yi makonni biyu muna tambayarsa benci nawa aka gama, babu wanda ya tambaye shi me ke hana aikin tafiya. Mu muka kafa sharaɗin sukuru, ya kamata mu damu da yadda za a ɗaure shi.

Ga kafintan ƙauye da zai sayi inji ɗaya tilo, ni mai haƙora uku zan ba shi shawara, don yana kama gajeren biti da zagayayyen abin huda da duk abin da aka samu a kasuwar mako. Mai ramin kusurwa shida ya fi sauri nesa ba kusa ba idan aikin ɗauri ne mai yawa irin namu, amma yana ɗaure mutum ga kayan da sai an je birni.

Har yau zoben wuyan injin bai koma laushinsa na farko ba. Mai gyaran ya sake buɗe shi sau ɗaya, ya ce gam ɗin ya bar ɗan kaushi a ƙofar ƙwallon, kuma sifirin ɗin ya fara sanyi. Ya ce idan ƙanen zai zo gida ya duba masa mataccen inji irinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko don a ciri ƙwallo da sifirin a ajiye.